Yadda Ake Gano Matsalar Giya Atomatik a Motar da Ta Sha Tafiya, da Yadda Ake Gyara Ta

Motar da malejinta ya haura kilomita 200,000 ba abin mamaki ba ne ta fara canza hali wajen sauya giya. Yau ka saka D ta yi jim kafin ta kama, gobe ta buga maka duka tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu, jibi ka taka totur inji ya yi ƙugi amma gudun bai ƙaru ba. Abin da yake damuna shi ne saurin yanke hukunci. Da an ji haka sai a ce giyabos ya mutu, a sauke shi. Alhali sau da yawa ciwon yana can waje: mai ne ya ragu, ko soket ya yi tsatsa, ko ma inji ne ba shi da lafiya giya take ɗaukar laifinsa. Don haka bi matakan nan a jere, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kada ka tsallake.

Maganar da zan yi ta shafi giyar atomatik da aka saba, mai kwanbata (tulun man da ke haɗa inji da giyabos) da faiba (fayafayan da mai ke matsewa su kama giya). Giyar CVT, wadda ba ta da matakan giya, da mai kuloci biyu suna da nasu tsarin, kuma wasu gwaje-gwajen da ke nan ba a yi musu su.

Kafin komai, ka riƙe wannan a ranka: mai ne yake sauya giya. Inji yana juya kwanbata, kwanbata tana juya famfo, famfo yana tura mai da ƙarfi zuwa balbodi, wato farantin nan mai ɗauke da ƙananan hanyoyi kamar gidan tururuwa. A jikin balbodi akwai solenoyid, makunnan lantarki da kwamfutar mota take buɗewa da rufewa, su kuma su aika mai ya matse faibar giyar da ake so. Duk inda aka sami cikas a wannan layin, ko ta ɓangaren mai ko ta ɓangaren wuta, a wajen sauya giya za ka ji shi.

Mataki na farko: saurari motar

Kada ka taɓa sifana tukuna. Ɗauki takarda da biro ka fita da motar sau biyu, sau ɗaya da sanyinta, sau ɗaya bayan ta yi tafiyar minti 20. Rubuta abin da ya faru, a wace giya, a wane gudu, da sanyi ko da zafi. Wannan takardar ta fi duk wani bayanin baki da za ka yi wa bakanike amfani.

Idan matsalar ta safe ce kawai, mota na ɗumama ta warke, yawanci robobin da ke riƙe ƙarfin mai a ciki ne suka tsufa suka bushe, ko mai ya yi ƙasa. Idan kuma sai ta yi zafi take fara santsi, to mai ya tsinke ya rasa kaurinsa, ko famfo da faiba sun ci. Idan giya ɗaya tak ke ba da matsala, hankalinka ya tafi kan solenoyid ko faibar wannan giyar. Idan dukkansu ne, nemi abin da suka yi tarayya a kansa: mai, filta, famfo, wuta. Idan motar ta maƙale a giya ta biyu ko ta uku ta ƙi fita, kwamfuta ce ta kulle ta da gangan don ta kare giyabos, kuma wannan galibi labarin lantarki ne.

Sai ka auna jinkirin kamawa. Mota da ɗuminta, birkin hannu a ja, ƙafa a kan birki, ka matsa daga N zuwa D ka lura da lokacin da za ka ji ta kama. Littattafan gyaran Toyota da yawa sun ce kada ya kai daƙiƙa 1.2 zuwa D, kada ya kai 1.5 zuwa ribas. Wanda ya kai daƙiƙa uku ko huɗu yana nuna ƙarfin mai yana zurarewa a wani wuri.

Mataki na biyu: man giya

A nan za mu daɗe, domin a nan rabin amsar take.

Ajiye motar a wuri mai daidai, ba gangare ba. A yawancin motoci ana duba man giya ne inji yana aiki, mota ta ɗumama, bayan ka bi da giya ta kowane matsayi, ka tsaya daƙiƙa biyu-uku a kowanne, sannan ka dawo P. Honda da yawa sun sha bamban: ana kashe inji ne a duba cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Littafin motarka shi ne alƙali. Zare geji, wato sandar awon mai, goge shi da tsumma marar gashi, mayar da shi har ƙarshe, sake zarewa, duba fuskokinsa biyu, ka ɗauki wanda ya fi ƙasa.

Man da ya gaza yana sa famfo ya zuƙi iska, sai giya ta riƙa santsi, musamman a kwana ko a hawa. Man da ya yi yawa shi ma ɓarna ne, domin ƙarafan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faiba. Tsakanin layin ƙasa da na sama a geji sau da yawa bai wuce rabin lita ba, saboda haka ƙara kaɗan-kaɗan kana dubawa.

Yanzu ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda, kusa da shi ka ɗiga sabon mai, ka bar su rabin minti. Lafiyayyen mai yana bazuwa da sauri, launinsa ja ne mai haske wanda ake hango takarda ta cikinsa. Wanda ya tsufa yana komawa ruwan ƙasa amma har yanzu yana bazuwa. Wannan canji kawai yake so. Wanda ya ƙone baƙi ne, yana tsayawa wuri ɗaya, a tsakiyarsa za ka ga ɗan duhu kamar toka, in ka kai hanci kuma ƙauri ne zai doke ka. Murza shi tsakanin yatsu biyu. In ka ji gari-gari, faiba ce take zubewa.

Akwai launi na huɗu da ya fi duka haɗari: mai ya zama ruwan hoda mai kauri kamar fenti. Ruwan lagireto ne ya shiga. Yawancin motoci suna sanyaya man giya ta wani bututu da ya ratsa cikin lagireto, in ya tsufa ya huje sai ruwa da mai su gauraya. Ruwa yana kwance gam ɗin da ya manne faiba a jikin ƙarfenta. Wanda ya ga wannan ya kashe mota nan take, a ɗauke ta zuwa gareji, a canza lagireto kafin a yi maganar komai.

Motoci da yawa na baya-bayan nan ba su da geji sam. Ana duba su ne ta wani noti a ƙasa ko a gefen giyabos, mota a ɗage daidai, inji yana aiki, mai kuma yana kan wani zafi da kamfani ya ƙayyade, galibi wani wuri tsakanin digiri 30 zuwa 50 a ma'aunin Celsius. Mai yana kumbura da zafi, don haka in ba ka da na'urar da za ta nuna maka zafin, awon zai yi maka ƙarya.

In ka tarar mai ya ragu, kada ka tsaya a ƙari. Giyabos ba ya cin mai kamar inji, in ya ragu yoyo yake yi. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana, da safe ka duba inda jan ɗigo ya faɗi, sannan ka bi sawunsa: bakin tiren ƙasa (kaskon da mai ke taruwa a ƙasan giyabos), sil ɗin da shaf ke fita, tiyo biyun da suka nufi lagireto, ko mahaɗar inji da giyabos. Na ƙarshen nan ne kaɗai yake buƙatar a sauke giyabos.

Sannan ka tambayi kanka wane mai aka zuba a baya. Ba duk jan mai ne ɗaya ba. Dexron na GM ne, Mercon na Ford, Toyota tana da T-IV da WS, Honda tana da Z1 da DW-1 wanda ya maye gurbinsa. Kowanne an haɗa shi ne daidai da irin faibar da ke cikin giyabos ɗin, kuma man da bai dace ba shi kaɗai ya isa ya kawo duka ko karkarwa. Zuba man giyar da aka saba a cikin CVT kuwa kashe ta ne.

Mataki na uku: tambayi kwamfuta

Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da soket na binciken kwamfuta da ake kira OBD-II, mai fil 16, a ƙarƙashin dashbod, daga baya sauran duniya ta bi. Saka na'urar bincike ko da wutar gargaɗi ba ta kama ba. Sai dai ƙananan na'urori masu arha sau da yawa inji kawai suke karantawa. In ka ga P0700 shi kaɗai, ma'anarsa kwamfutar giya tana da ƙorafi, amma ainihin ƙorafin yana ciki, sai na'urar da take iya shiga ɓangaren giya.

Lambobin da aka fi gani su ne P0715 da P0720, na sensocin da ke auna juyawar shiga da ta fita. P0705, na makunnin da ke gaya wa kwamfuta inda ka ajiye hannun giya. P0750 da P0755, na solenoyid na farko da na biyu. P0740 da P0741, na kulocin da ke cikin kwanbata. Sai P0730 zuwa P0734, waɗanda ke cewa juyawar da ake gani ba ta yi daidai da giyar da aka saka ba, wato akwai santsi.

Rubuta lambobin kafin ka goge su. Kuma ka sani lamba layi take nunawa, ba ta rantse cewa kayan ne ya lalace. P0750 na iya zama solenoyid, na iya zama wayar da ɓera ya ci, na iya zama soket da mai ya cika.

Mataki na huɗu: masu kwaikwayon ciwon giya

Na taɓa tsayawa a kan wata mota da aka riga aka yanke za a sauke giyabos ɗinta, saboda tana karkarwa a gudun kilomita 70 kamar ana bin hanya mai gargada. Kafin a kwance, muka fita da ita, na riƙe totur daidai, na ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, iya yadda wutar birki za ta kama. Taɓa birki yana sa kwamfuta ta saki kulocin kwanbata, don haka in shi ne mai laifi karkarwar za ta ɗauke nan take. Ba ta ɗauke ba. Muka koma kan inji, muka tarar da kwail ɗaya, wato abin da ke ba fulogi wuta, ya tsage a gefe, tsagar siririya kamar gashi, da ɗan farin tabo inda wuta ke tsallakewa. Aka canza shi da fulogi, karkarwa ta tafi.

Saboda haka duba waɗannan kafin ka zargi giya. Batir ya nuna kusan volt 12.6 mota a kashe, 13.5 zuwa 14.5 tana aiki. Wuta mai rauni ko wayar da ta haɗa inji da bodi in ta saki suna rikita kwamfutar giya. Sensar totur da sensar iska su ne suke gaya wa giya nauyin da inji ke ɗauka, in sun yi ƙarya giya za ta sauya a lokacin da bai dace ba. Salansar da ta toshe tana shaƙe inji, direba ya ƙara taka totur, giya ta ƙi hawa. Ƙarar «gum» da ake ji in an saka D ko ribas sau da yawa kujerar inji ce ta yage. Sa wani ya taka birki ya sauya giya kai kana gefe kana kallon inji, ba a gaban mota ba, in ya yi tsalle ka sami amsa. A tsofaffin motoci kuma akwai wayar da ta taso daga totur zuwa giyabos, in ta saki giya tana hawa da wuri tana santsi, in ta ɗame da yawa tana jinkiri tana duka.

Cire babban soket ɗin giyabos ka leƙa ciki da tocila. Kore-koren tsatsa, fil da ya lanƙwashe, ko mai a ciki, duk sun isa. Wanke shi da maganin wanke soket, bar shi ya bushe, mayar.

Mataki na biyar: canza mai da buɗe tiren ƙasa

Ana yawan cewa kada a taɓa man tsohuwar mota, a bar kaza cikin gashinta. Maganar tana da tushe, amma ba a kowane hali ba. In faiba ta riga ta cinye, garinta da ke yawo cikin baƙin man shi ne yake ɗan taimaka mata ta kama, sabon mai na zuwa sai santsin ya fito fili. Sabon man bai kashe giyabos ɗin ba, dama ya riga ya tafi. Ra'ayina shi ne: in mai baƙi ne mai ƙauri kuma mota tana santsi, canji ba zai warkar da ita ba, shirya wa babban gyara. In ruwan ƙasa ne babu ƙauri, canza shi, amma a hankali. Ba na goyon bayan a haɗa tsohuwar mota da injin da ke tura mai da ƙarfi tare da sinadarin wanki, domin dattin da ya kwanta shekaru yana iya tashi ya je ya toshe balbodi.

Ga yadda ake yi. Ɗaga mota ka tokare ta da ƙafafun ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. Bar mai ya huce ya zama mai ɗumi. Kwance notin zubarwa, tara man a mazubi mai awo, domin abin da ya fita shi za ka mayar. In babu notin zubarwa, sassauta notunan tire daga gefe ɗaya ya karkata ya zube kafin ka cire shi gaba ɗaya.

Yanzu tsaya ka karanta tiren nan da kyau. A cikinsa akwai maganaɗisu. In ya lulluɓe da laushin baƙin laka wanda in ka murza babu tsini, wannan cin yau da kullum ne, kowace tsohuwar mota tana da shi. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe da ke sukar yatsa, haƙoran giya ko boris ne suke karyewa. Ƙyalli mai ruwan zinariya daga bushin ko wosha na tagulla yake. Baƙaƙen ɓawo-ɓawo kamar ƙonannen takarda kuwa faiba ce. Ɗauki hoto kafin ka wanke.

In tiren ya fito lafiya, canza filta, ka tabbata tsohuwar robar wuyanta ta fito, domin roba biyu a rami ɗaya suna sa famfo ya zuƙi iska. Wanke tire, wanke maganaɗisu ka mayar da shi wurinsa, sa sabon gasket. Kada ka shafa gam da yawa, abin da ya matso ciki filta zai je ya toshe. Ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ƙanana ne, ƙarfin ɗaurinsu bai wuce Nm 8 zuwa 12 (ma'aunin ɗaurin noti) a yawancin motoci ba, wanda ya danne su da ƙarfin hannu zai lanƙwasa bakin tire ya jawo yoyo.

Abin da zai fita bai wuce kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi na man ba, sauran yana cikin kwanbata da bututu. Shi ya sa ake maimaitawa. In kowane zubi yana fitar da kashi 40 cikin 100, bayan zubi uku kusan kashi 78 na man sabo ne. Bar 'yan ɗaruruwan kilomita tsakanin zubi da zubi, kana lura da halin motar.

Mataki na shida: solenoyid da balbodi

In lamba ta nuna solenoyid kuma waya lafiya take, auna shi da mitar lantarki, a ɓangaren om, wato ma'aunin turjiyar wuta. Masu buɗewa da rufewa kawai yawanci suna tsakanin om 10 zuwa 40 gwargwadon mota, masu daidaita ƙarfin mai kuma ƙasa da haka, wajen om 3 zuwa 6. Auna daga soket na waje, sannan a jikin solenoyid ɗin kansa. In awon ya bambanta, wayar ciki ce. Solenoyid yana iya ba da awo daidai amma datti ya maƙale shi, don haka bakanike mai na'ura mai kyau zai umarce shi ya buɗe ya rufe yana sauraron ƙarar.

Balbodi ana iya cire shi a motoci da yawa ba tare da sauke giyabos ba, amma ba aikin koyo ba ne. A cikinsa akwai ƙananan ƙwallaye da sifirin da in ɗaya ya ɓata ko ya sauya rami, giya ta rikice. Bayan duk wani aiki a nan, a goge abin da kwamfuta ta koya a baya da na'ura, sannan a tuƙa motar a hankali ta bi giyoyinta duka sau da yawa. Kwanakin farko tana iya ɗan duka kafin ta daidaita.

Mataki na ƙarshe: lokacin da za a sauke

Gwaji biyu suka rage. Na farko awon ƙarfin mai, da agogon awon ƙarfi a ramin da kamfani ya tanada: in ya yi ƙasa a kowace giya, famfo ne ko filta ko bawul mai daidaitawa, in a giya ɗaya ne, yoyo ne a layinta. Na biyu shi ne a tokare tayoyi huɗu, a danne birki, a saka D, a taka totur har ƙasa a karanta juyawar inji. Kada ya wuce daƙiƙa 5, domin zafin da yake haifarwa mai tsanani ne, kuma a bar inji ya yi aiki a N minti ɗaya ko biyu kafin a gwada ribas. Yawancin motoci suna tsayawa wajen juyi 2,000 zuwa 2,600 a minti ɗaya. In ya haura abin da littafi ya ce, faiba tana santsi. In ya gaza, inji ne ba ƙarfi ko kwanbata ta lalace.

In mai ya ƙone, tire ya nuna ƙarfe ko ɓawon faiba, gwajin nan kuma ya tabbatar da santsi, to babu maganin gwangwani da zai mayar da abin da ya cinye. Ko a buɗe a sake gina giyabos ɗin, ko a sa wani. In za a kai motar, a ɗora ta a kan motar ɗauka, kada a ja ta tayoyin da ke tuƙi suna ƙasa, domin inji a kashe famfo ba ya aiki. In na hannu za ka saya, duba lambar da ke jikinsa ta yi daidai da naka, ka zare geji ko ka buɗe tirensa ka ga mai kafin ka amince. Kuma ko wanne ka zaɓa, ka tsaya a gabanka a wanke bututun sanyaya mai da tiyonsa ko a canza su, a kuma sa wata kwanbata, domin garin tsohon giyabos yana nan kwance a cikinsu. Bayan an haɗa, sake duba yawan mai da zafinsa a ranar, ka kuma shimfiɗa kwalin nan a ƙarƙashin motar na tsawon mako guda.